Gwajin Jini Kafin Dashen Ƙoda: Nasiha ga Mutanen Ƙasar Anka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku tuna masifar gubar dalma ta 2010, wadda ta faɗa wa Tungar Daji da Dareta da Abare da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta kashe yara wajen 400. Likitoci sun tabbatar dalma in ta daɗe a jiki tana ɓata ƙoda. Yaran da suka tsira sun girma yanzu, saboda haka ya wajaba mu san sha'anin dashen ƙoda tun bukata ba ta zo ba.

Allah Ya sanya wa naman kowane mutum wasu alamomi, rabi daga uwa, rabi daga uba. Jean Dausset, mutumin Faransa, shi ya fara gano su a 1958. In alamomin ƙodar da aka dasa suka saɓa wa na majiyyaci, jikinsa sai ya yaƙe ta kamar cuta. Shi ya sa dashen farko da ya ɗore, a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi.

Gwaji uku ake yi. A duba rukunin jini, a gwada alamomin nan, sannan a haɗa ruwan jinin majiyyaci da ƙwayoyin jinin mai bayarwa. In ya kashe su, sai a fasa.

Wanda ya karanta ilmin gado zai gane wannan da sauƙi. Shaƙiƙi ya fi li'abi da li'ummi kusa, amma ko shaƙiƙan ma, bisa ƙiyasi, ɗaya cikin huɗu ne ke dacewa sarai. Ɗan'uwan shayarwa kuwa muharrami ne a shari'a, amma nono ba ya gadar da alamomin.

Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashe tun 2002. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta halatta kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa a 1988, ta haramta sayarwa, dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ma ta hana. To, fatake, ƙoda ba haja ba ce. Kada kuma a tilasta wa ɗan'uwa, ko a zargi wanda gwaji ya kayar. A riƙa kai waɗanda suka tsira awon ƙoda tun da wuri. Allah Ya ba mu lafiya, amin. Wasalam.