Kura da shan bugu: Batun biyan 'yan wasan jami'o'in Amurka da sauya sheƙarsu

A shekarar 2009, Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando na Jami'ar UCLA, ya maka hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, a kotu. Dalilinsa shi ne ya ga siffarsa a cikin wani wasan bidiyo da ake sayarwa, alhali ba a nemi izininsa ba, ba a kuma ba shi ko sisi ba. Wannan ƙara ce ta buɗe ƙofar da har yau hukumar ta kasa rufewa.

Shekara da shekaru, ƙa'idar NCAA ita ce ɗan wasa ɗalibi ne, ladansa kuwa karatu kyauta da abinci da wurin kwana. Sai dai kuɗin da guminsa ke samarwa ya wuce nan nesa ba kusa ba. A 2016, kafofin CBS da Turner sun tsawaita yarjejeniyar nuna gasar ƙwallon kwando ta March Madness da shekara takwas a kan dala biliyan 8.8. A 2023, Jami'ar Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher tare da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Kotuna ne suka sauya lissafin. A watan Yunin 2021, dukkan alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka sun yanke hukuncin da bai yi wa NCAA daɗi ba, a shari'ar Alston. Daga ranar 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su riƙa samun kuɗi da sunansu da hotonsu ta hanyar talla. A watan Yunin 2025 kuma, mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu da ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga 'yan wasan da aka hana samun kuɗi a baya, ya kuma bai wa kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Inda ake ta cacar baki yanzu shi ne sauya sheƙa. A da, ɗan ƙwallon kwando ko ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da ya koma wata jami'a sai ya yi zaman shekara guda ba ya buga wasa. A 2021 aka yafe wannan zama ga mai sauyin farko, a 2024 kuma aka cire iyakar gaba ɗaya ga wanda karatunsa ya cika sharaɗi.

Masu suka na cewa abin ya koma kasuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Ƙananan jami'o'i na rainon yaro, manya su zo su ɗauke shi da kuɗi. Wanda ya zaga jami'a uku cikin shekara huɗu yana iya rasa wasu darussan da ya ci, wani ma ya bar gurbinsa ya kasa samun wani.

To amma wa ya fara buɗe kasuwar? A ƙarshen 2021, koci Brian Kelly ya bar Notre Dame ya koma LSU a kan kwangilar dala miliyan 95, kuma babu wanda ya ce ya yi zaman shekara guda. Dokar da ta ɗaure yaro ɗan shekara 19 ta saki mai horar da shi ba dokar adalci ba ce.

Masu bin ƙwallon ƙafar Turai sun san wannan labari. Hukuncin Bosman na 1995 ya bai wa ɗan wasan da kwangilarsa ta ƙare damar tafiya kyauta, kuma ƙwallo ba ta mutu ba. Ƙungiyoyi sun koyi riƙe 'yan wasa da kwangila mai wa'adi, wadda ɓangarorin biyu suka sa wa hannu.

Wannan ce hanyar da ta rage wa jami'o'in Amurka: kwangila a rubuce, da ƙungiyar da za ta yi ciniki da yawun 'yan wasa, da tabbacin cewa wanda ya ji rauni zai samu magani ya kuma kammala digirinsa. Dole kuma a duba halin 'yan wasan ƙasashen waje, ciki har da 'yan Najeriya masu tsere da ƙwallon kwando, waɗanda bizar karatu ta taƙaita musu neman kuɗi a cikin Amurka.

Jami'o'in na gudun kiran 'yan wasansu ma'aikata, domin ma'aikaci yana da haƙƙoƙin da doka ta kare. Muddin suna son riƙe yaro ba tare da sun ɗaure kansu da alƙawari ba, za su ci gaba da shan kaye a gaban alƙalai, yaran kuma su ci gaba da tattara kayansu a ƙarshen kowace kaka.