Yaron da ya kashe PlayStation bai cancanci bulala ba

Makon jiya maƙwabciyata ta shigo mini da PlayStation 3 ɗin ɗanta a cikin leda, ranta a ɓace. Yaron ya mayar da manhajar cikin na'urar zuwa tsohuwa don ta karɓi wasannin da ake kwafa a kasuwa. Da ya ga tana nauyi, sai ya hau goge fayilolin da ya zaci shara ce. Tun ranar ba ta sake tashi ba.

Wannan dabara tana da tarihi. A watan Janairu na 2011 wani matashi ɗan Amurka, George Hotz, ya fallasa mabuɗin sirrin PS3, Sony ta kai shi kotu, aka sasanta a watan Afrilu. Daga nan masu kutse suka yi ta neman komawa manhaja mai lamba 3.55. To amma fayilolin da ke cikin na'urar ba iri ɗaya ba ne. Wasu tarkace ne, wasu kuma na'urar ba ta tashi sai da su, kuma sunayensu ba sa nuna wanne ne wanne. PS3 tana da hanyarta ta gyara: a kunna ta a yanayin kariya, a zaɓi sake gina ma'ajiyar bayanai. Xbox 360 da Nintendo Switch kuwa, sabuntawa na ƙona wasu ƴan fiyus a cikinsu don tsohuwar manhaja ta ƙi tashi.

Uwar ta ce duka za ta yi masa, ta hana shi taɓa kowace na'ura. Na ce mata: "Hajiya, yaron da ya bi bayani cikin Faransanci har ya canza manhaja yana da kai. Tsari ya rasa."

Tsarin nan aikinmu ne, iyaye da malaman lakwal. Mu koya musu su kwafe bayanansu a USB kafin su taɓa komai, kada su fara irin wannan aiki lokacin da ake yawan ɗauke wuta, kuma kada su goge fayil sai sun iya faɗin aikinsa. Mu kuma gaya musu gaskiya: wasan da aka kwafa ba izini haƙƙin wasu ne.

Na shawarci uwar ta tura yaron wurin mai gyara da kansa, ya zauna ya ga yadda ake buɗe ta, ya kuma biya wani abu daga kuɗin aljihunsa.