Babba Da Fensirin Kala: Wa Ya Ce Wasan Yara Ne?

Wannan makon da fushi na zo, kuma ba zan ɓoye ba.

Yayata tana da amosanin jini, wato sikila. Shekararta 34. Watan jiya ciwon ya tashi, ta kwana shida a asibiti. Bayan an sallame ta gwaggonmu ta zo dubiya, ta tarar da ita jingine da filo, littafi a cinya, tana cika zanen furanni da fensirin kala. Ko sannu ba ta gama yi ba ta ce, "Yanzu ke gotai-gotai da ke, wasan yara kike yi? Ba gara ki ja carbi ba?" Yaya ta ce, "Na ja, Gwaggo." Ta rufe littafin ta tura ƙarƙashin filo. Kwana uku ba ta sake taɓa shi ba.

Kwana ukun nan ne suka sa ni wannan rubutu.

Mu masu lafiya mun ɗauka zafin ciwo ne kaɗai wahalar mai doguwar jinya. Mun manta da lokaci. Mai wankin ƙoda yana kwanciya kusan awa huɗu a jikin inji, sau biyu ko uku kowane mako. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa daga 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa gajiya ba ta rabuwa da shi ko ciwon bai tashi ba. To me zai yi da yinin? Karatu yana son nutsuwar da zogi ya riga ya ƙwace. Waya kuwa, kana buɗewa sai sanarwar rasuwa. Ɗan dubiya minti goma zai yi ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kama gabansa.

Shafa kala ta dace da wannan hali. An riga an yi zanen, naka cikawa kawai. A kwance ma ana yi. In jiki ya ƙi, ka ajiye, gobe ka ɗora daga inda ka tsaya. Kuma yayin da ido da hannu ke bin layi, tunanin "yaushe zai sake tashi" yana ɗan matsawa gefe. Ga wani abin da ya fi wannan: likita ne ke zaɓa wa Yaya magani, mu ke zaɓa mata abinci, ciwo ke zaɓa mata ranar fita. A shafin nan kaɗai ita ke cewa ja ko shuɗi, babu mai musa mata.

Wani zai ce ai kwaikwayon Turawa ne. Gaskiya ne littattafan shafa kala na manya sun yi tashe ne bayan Johanna Basford, 'yar Sukotland, ta fitar da nata a 2013. Amma wa ya koya mana allon zayyana? Gardi da gemunsa zai zauna kwanaki yana cika ɗakunan zane da ja da kore da rawaya, kowa na yaba masa. Mai ɗinkin hula fa, ba zanen da aka riga aka fitar yake cikawa da zare ba? Ga lalle, ga zanen ƙwarya, ga dagi a bangon gidajen Zariya da Kano. Duk ba mu kira su wasa ba. Sai da marar lafiya ta yi don ranta ya yi sanyi, sannan abin ya zama yarinta?

Kuma ba yau masu jinya suka fara neman mafaka a launi ba. Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila, yana jinyar tarin fuka ya gano zane na rage masa ƙunci, har a 1942 ya raɗa wa abin sunan jinya ta hanyar zane. Frida Kahlo ta Meziko a kan gado ta duƙufa ga zane, bayan hatsarin mota ya farfasa mata jiki a 1925.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Fensir ba magani ba ne. Ba ya maye gurbin ƙwayoyin likita, ko shan ruwa da yawa, ko garzayawa asibiti in ciwo ya tashi. Duk wanda ya sayar maka da littafin kala da sunan waraka, maƙaryaci ne. Kuma bai hana addu'a ba. Hannun da ya ja carbi da asuba shi ne ya riƙe fensir da hantsi.

Yanzu na dawo kanmu. Gwaggo ba marubuciya ba ce, mu fa? Ku duba yadda muke rubuta marar lafiya a labaranmu: ta yi tari, ta yi kuka, ta rasu a babi na biyar domin jarumi ya auri ƙanwarta. Ciwonta tsani ne kawai, mu taka mu wuce. Wa ya taɓa rubuta ƙarfe uku na ranarta, gida tsit, kowa ya fita nema, ita da silin? Kallon da Gwaggo ta yi wa Yaya shi muke yi wa masu jinya a takarda: aikinsu su ba da tausayi, ba su ji daɗin komai ba.

Ga aikin makon nan. Ka je dubiya, ka wuce minti goman nan. Ka tambayi mai jinya abin da yake yi da yininsa, ka yi shiru ka saurara. Sannan ka rubuta shafi guda a kansa, ba hawaye, ba likkafani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaya kuwa, ran na huɗu na zauna bakin gadonta na ce, "Yaya, ara mini shafi ɗaya." Na tsallake layi har sau uku. Ta yi dariya ta ƙwace fensirin ta ce in matsa in ga yadda ake yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.