Difa: Wa Zai Yi Wa Mai Jego Bayani?

Tun daga 2006 dokar ƙasar Nijar ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba a biyan kuɗin maganinsa. Madalla, ko da yake kowa ya san yadda gwamnatoci suka riƙa jan ƙafa wajen biyan asibitoci bashin wannan alkawari. Amma akwai abin da dokar ba ta ambata ba, kuma ba ya cin ko dala: maganar da malamin asibiti zai yi wa uwar jaririn da ke kwance.

Jama'a, mu dubi wadda ake kawowa cibiyar kula da uwa da yaro ta garin Difa. Mace ce daga Geskeru, ko Shetimari, ko wata bukka a bakin babbar hanya, inda dubban mutanen kwarin Komadugu suka yada zango bayan hare-haren Boko Haram na Fabrairun 2015 da na Boso a Yunin 2016. Wata ta rasa miji, wata gonar tattasai. A 2017 ta ga yadda ciwon hanta ya kashe mata masu ciki a sansanoni. Yanzu ga ta da bakwaini, an karɓe shi an sa cikin kwalba, an zura masa roba a hanci, ana ta Faransanci a kanta. Ita kuwa Barbarci take ji, ko Fulatanci, ko Tubanci. In ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta yi tambaya ba. Ranar suna na matsowa, miji na waje yana lissafin guzuri, kaka na cewa a koma gida a nemi rubutu. Wa zai yi mamaki in da asuba aka tarar da gado wayam?

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, ungozoma ɗaya ga mata barkatai. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wahalar waɗanda suka tsaya bakin aiki lokacin da wasu ke neman canjin wuri. Sai dai lallashi da bayani aiki ne da ake koyo, kamar ɗaura ƙarin ruwa: yadda za a zauna da uwa, a faɗa mata abin da ke damun ɗanta cikin harshenta, a kira uban a sa shi cikin shawara, da yadda ake isar da mummunan labari ba a tsaye a bakin ƙofa ba.

Ilimi ma yana bayanmu. A Bogota ta Kolombiya, a 1978, ƙarancin kwalabe ya sa likita Edgar Rey ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara hakan da zarar an haihu, kuma a sa iyali cikin jinyar. Uwar da aka tsawata wa, zuciyarta na dukan uku-uku, ba za ta iya wannan aiki ba.

Ƙungiyar MSF ta kama wa cibiyar Difa a shekarun tashin hankali, amma baƙo raɓa ne. Hakkin na ma'aikatar kiwon lafiya ne: ta sa wannan darasi cikin karatun makarantun lafiya na Yamai da Damagaram, a yi jarrabawa a kansa, kuma kowane ɗakin jarirai a jihar Difa ya samu mai jin Barbarci da Fulatanci, dare da rana.