Wa Ya Ceci Gidan Sistocin Lacock?



A ƙauyen Lacock na Ingila akwai tsohon gidan sistoci, wato matan Kirista da suka bar aure don ibada. Wata basarakiya, Ela ta Salisbury, ce ta kafa shi a 1232. A 1539 Sarki Henry na Takwas ya rufe shi, aka sallami matan, daga baya William Sharington ya saye shi. Ya rushe cocin, ya mai da sauran ginin gidan zamansa.

Wasu za su ce maɓarnaci ne. Rushe cocin kam ɓarna ce, ban musa ba. Amma ni ɗan ɗan kasuwa ne, lissafi nake bi. Saboda an ci gaba da kwana a ciki ana gyaran rufi, har yau barandar sistocin da ɗakin taronsu suna tsaye. Ku dubi Godstow kusa da Oxford: da aka lalata shi a yaƙin basasa a 1645, aka watsar, sai aka yi ta kwashe duwatsunsa. Yanzu saura katanga da kangon ɗakin ibada.

Ra'ayina, kafin a zagi Sharington, a tuna rufin da ya tsare.

Sai mun sake haɗuwa.