Ƙuri'ar Majidaɗi

'Yan'uwana ɗalibai, Majidaɗi ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Jalingo, sunanta kuwa na sarauta ne, kamar Barade da Turaki da Sarkin Dawaki. Ni a ganina siyasarmu ma irin ta fada ce: mutum muke bi, jam'iyya ko oho.

Baƙo ba zai yarda ba, don tun 1999 har zaɓen 2023 PDP ce ke cin kujerar Gwamnan Taraba. To, ku dubi marigayiya Hajiya Aisha Alhassan, Mama Taraba. A 2011 ta ci Sanata a PDP, a 2015 ta nemi Gwamna a APC, a 2019 kuma a UDP. Laima ta koma tsintsiya, tsintsiyar ma aka ajiye, amma na san dattawa da yawa da inda ta sa ƙafa nan suka sa tasu.

Riƙon amana abu ne mai kyau, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne, ban taɓa jin an tsare ɗan takara an tambaye shi zancen famfo ko kujerun 'yan makaranta ba. Ga shi kuwa mu za a tura firamare, mu za mu tarar da yara zaune a ƙasa.