Gwanayen Bugu A Wasan Besbol Na Amurka: Adadi Kaɗai Bai Isa Shaida Ba

An kammala wasannin besbol na shekarar 2025 a Amurka da 'yan wasa huɗu waɗanda kowannensu ya haura 50 a bugun ƙetare shinge. Cal Raleigh na kulob ɗin Seattle Mariners shi ne kan gaba da 60, sai Kyle Schwarber na Philadelphia Phillies da 56. Shohei Ohtani, mutumin Japan mai yi wa Los Angeles Dodgers wasa, ya sami 55, sa'an nan Aaron Judge na New York Yankees yana da 53.

A wannan wasa jefo ƙwallo ake yi da ƙarfi, mai bugu ya tare ta da kulki. In ya doke ta har ta haye shingen fili, watau bugun ƙetare shinge ke nan, sai ya kewaya tashoshi huɗu ya ci maki ba mai tare shi. Kowane kulob kan yi wasa 162 a shekara, amma duk tarihin manyan ƙungiyoyin mutum bakwai kaɗai suka taɓa kai 60.

Babe Ruth ne ya fara kaiwa a 1927, Roger Maris ya wuce shi da ɗaya a 1961. Daga nan aka yi shekara 37 ba wanda ya kamo Maris, sai a 1998 Mark McGwire ya yi 70, Sammy Sosa ya yi 66. A 2001 kuma Barry Bonds ya kai 73.

To, a nan gizo ke saƙa. Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya sa 'yan kallo da yawa sun juya baya, tseren 1998 kuwa ya taimaka wajen komo da su, saboda haka shugabannin wasan ba su yi hanzarin binciken jita-jitar shan magungunan ƙara ƙarfi ba. Sai a 2004 aka soma gwaji mai ɗauke da horo. A 2007 rahoton Sanata George Mitchell ya ambaci sunan Bonds, ko da yake shi ya musanta cewa ya sha da saninsa. McGwire kuwa ya amsa laifinsa a 2010. Har ƙarshen 2025 ba ko ɗaya cikin ukun nan da aka shigar Zauren Girmama Gwanaye.

Dalili ke nan da ya sa lokacin da Judge ya yi 62 a 2022, waɗansu suka ce nasa ne adadi na gaskiya, alhali kuwa a littafin hukuma 73 ɗin Bonds na nan daram. Wannan gardama sakacin shugabanni ne ya haife ta, domin sun bar ɓarna ta girma tana kawo musu kuɗin ƙofa. Raleigh da Judge sun yi nasu ne a zamanin gwaji, shi ya sa aka karɓi adadinsu da ƙarancin tantama, ko da yake bai kai na Bonds ba.